Rabin lita a gorar zoɓo

Shagon maganin feshi gare ni a Jega. Duk wanda ke cikin harkar ya san daga saukar ruwan fari zuwa lokacin da shinkafa za ta rufe ƙasa ne muke haɗa abincin shekara, sai ɗan abin da masu noman rani suka kawo. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, kowa ya faɗa fadama, 'yan ƙwadago suka yi tsada, maganin ciyawa ya maye gurbin fartanya. Ban yi kuka da hakan ba, da kuɗinsa na rufe ɗakunan gidana.

Wanda ya fi tafiya a lokacin shi ne paraquat. Manomi na son abin da zai gani da ido: ka fesa da hantsi, kafin la'asar ciyawa ta sunkuyar da kai, gobe ta ƙone ƙurmus. To amma ba kowa ke da kuɗin lita ɗaya ba. Sai mutum ya ce, "Alhaji, a tsiyaya min rabi." Ina da mazurari, ina da buhun goruna da yara ke tsintowa, irin dai waɗanda mata ke zuba zoɓo da kunun aya. In tsiyaya, in murɗe murfi, in miƙa. A raina taimakon talaka nake yi, alhali na san ribar tsiyaye ta fi ta sayar da kwalba sukutum.

Wani dattijo daga wani ƙauye ta wajen Aliero ya sayi rabin lita haka, ya kai gida ya ajiye bayan ƙyauren zaure. Jikansa ɗan shekara biyar ya gani. Gora ce irin wadda yake shan zoɓo a ciki kullum. Ya kurɓa, wari ya buge shi, ya tofar, ya yi ta amai. Aka ɗura masa manja da madara kamar yadda aka saba. Washegari bakinsa duk ya saɓule, ko ruwa ba ya iya haɗiya, sai suka nufi asibiti a Birnin Kebbi.

Bayan sallar isha'i wayata ta yi ƙara. "Alhaji, wane magani ne ka zuba mini? Likita ke tambaya, gorar ba ta da takarda." Har yau in na tuna muryar dattijon nan sai gabana ya faɗi. Ba faɗa yake yi ba, tambaya kawai yake. Na koma shago na ɗauki kwalbar asali, na samu mota a daren.

Likitan ya juya kwalbar ya karanta, ya ɗaga gorar da ɗayan hannun, ya ce, "Kai ka zuba wannan a cikin wannan?" Na ce ni ne. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Bayani ya yi mini a tsaye: paraquat ba shi da makari. Ɗan kurɓi ɗaya in ya wuce maƙogwaro yana iya kashe babban mutum. Yana taɓa ƙoda da hanta, amma huhu yake bi ya tarwatsa a hankali, har mutum ya ga kamar ya samu sauƙi, bayan kwanaki numfashi ya gagara. Ya ce ko iskar oksijin ba sa saurin sa wa mai irin wannan gubar, don tana ƙara rura ɓarnar. Manjan nan kuwa bai yi komai ba sai cinye lokaci. Kwana ɗaya cur aka ɓata, ga kuma awannin da aka yi ana laluben sunan magani, duk saboda gora ba takarda.

Yaron ya rayu, Allah Ya sa tofarwa ya yi bai haɗiye ba. Na biya kuɗin asibiti, na yi ta sintiri fiye da mako biyu, kullum kunnena na kan ƙirjinsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na zauna na karanta takardar kwalbar daga sama har ƙasa. An rubuta kada a juye shi a mazubin abin sha. Shuɗin launin nan da warin da ke hawa kai, har da abin da ke sa amai, da gangan masu haɗa shi suka zuba don kada a ɗauke shi abin sha. Shekara da shekaru ina buɗe kwalaben nan. Dattijon yana da uzuri, ba ya karanta Turanci. Ni ina karantawa.

Na je wurin limaminmu ina fatan ya ce ƙaddara ce in samu sanyi. Ya ce ƙaddara ce, amma bayyana aibin kaya wajibi ne a kan mai sayarwa, ya kawo hadisin nan cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Na ce ban ɓoye komai ba, kowa ya san guba ce. Ya ce, "Alhaji, takardar da ke faɗin aibin fa, wa ya raba ta da kayan?" Ban samu amsa ba.

Daga baya na ji ashe Tarayyar Turai ta hana paraquat tun 2007, mu kuwa sai farkon 2024 hanin NAFDAC ya fara aiki. Ni tun daga asibitin nan na daina ɗaukarsa. Amma kada a ɗauka na zama waliyyi, har gobe ina sayar da wani maganin ciyawar, glyphosate, shi ma kuma da magana a kansa. A 2015 hukumar binciken ciwon daji ta WHO ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo ciwon daji. Hukumar muhalli ta Amurka ta ce ba ta ga haka ba, Turai ma ta sabunta masa izini na shekara goma a 2023. Duk da haka kamfanin Bayer, wanda a 2018 ya sayi kamfanin Monsanto mai Roundup, wani maganin ciyawa na glyphosate, ya amince a 2020 zai biya wajen dala biliyan 10 don sasanta ƙararrakin da masu cewa maganin ya jawo musu ciwon daji suka kai shi a Amurka. Can mai feshi na da lauya. Namu yana shiga fadama da singileti, ba takalmi, famfon na ɗiga a gadon bayansa, in bakin ya toshe ya sa baki ya hura.

Yanzu duk wanda ya saya sai ya ji karatu, ko yana sauri. Masana sun saɓa a kan wannan, don haka ka rufe jikinka, ka sa takalmin roba da safar hannu, kada ka yi feshi kana fuskantar iska, ka yi wanka da sabulu kafin ka ci abinci. Kada ka wanke famfo a inda ake kamun kifi ko shayar da dabbobi. Kwalbar da ta ƙare ka huda ta, kada uwargida ta zuba man gyaɗa. Wasu na saurara, wasu su ce Alhaji ya fara wa'azi. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa ina ce masa ya nemo maƙwabcin gonarsa su haɗa su sayi kwalba ɗaya da takardarta, su auna a gona.

Na yi asarar masu saye, ba kaɗan ba, kuma abin na min ciwo duk damina. Mazurarin na jefa shi a masai. Ko jiya wani ya zo da gorarsa a hannu, na ce ba na tsiyaye. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shagon ba naka kaɗai ba ne a garin nan. Ina zaune ina kallo ya tsallaka titi, bai yi minti biyar ba ya fito da ita cike, ya rataye a kan babur ya wuce.