Abin da Na Koya Bayan Na Sauya Injin Bincike a Wayoyin Shagona

Na shafe shekaru ina sayar da wayoyin hannu a kasuwar Farm Centre da ke Kano, kuma akwai wani aiki da kusan kowane mai saye yake ɗora mini bayan mun gama ciniki, wato in buɗe kwali a gabansa, in sa layi, in buɗe masa adireshin imel idan ba shi da shi, in sauke masa WhatsApp da Facebook, sannan in miƙa masa waya a shirye. A duk tsawon wannan lokaci ban taɓa tsayawa na yi tunani a kan dogon akwatin nan da ke kwance a fuskar wayar ba, wanda ake rubuta tambaya a cikinsa. Na ɗauke shi kamar madannin ƙara sauti, abu ne da waya take zuwa da shi, ba a tambayar wanda ya ajiye shi a wurin.

Abin da ya farkar da ni shi ne hukuncin da alƙali Amit Mehta na wata kotun tarayya a birnin Washington ya yanke ranar 5 ga Agusta, 2024, inda ya ce kamfanin Google ya karya dokar Amurka ta hana babakere a harkar binciken intanet. Ma'aikatar shari'ar ƙasar ce ta shigar da ƙarar a watan Oktoba na 2020, aka fara sauraron shaidu a Satumba na 2023, kuma a zaman kotun ne alƙaluman da aka daɗe ana ɓoyewa suka fito fili. A shekarar 2021 kaɗai Google ya biya dala biliyan 26.3 ga masu ƙera wayoyi da kamfanonin sadarwa da masu manhajojin shiga intanet, domin ya zama injin binciken da mutum zai tarar a kunne ba tare da ya zaɓa ba. A 2022 kamfanin Apple shi kaɗai ya karɓi dala biliyan 20, kuma wani shaida ya bayyana cewa Apple na samun kashi 36 cikin 100 na kuɗin tallan da Google ke samu daga binciken da aka yi ta burauzar Safari, wato manhajar shiga intanet da ke zuwa da wayoyin iPhone na Apple.

Ni ɗan kasuwa ne, saboda haka lissafin bai yi mini wuyar ganewa ba. A kasuwarmu hayar shagon da ke bakin ƙofa ba ɗaya take da ta wanda ke can cikin lungu ba, ko da kuwa kayansu iri ɗaya ne, domin mai saye da ya shigo a gajiye yakan tsaya a inda ƙafarsa ta fara kai shi. Abin da ya dame ni shi ne, wannan ƙofar da manyan kamfanoni ke zuba biliyoyi a kanta tana ratsawa ta hannuna kullum, ni ne nake kunna ta ga mutane, amma ban san ma ƙofa ce ba. Sai na ƙudurta cewa zan sauya ta a wayata, in zauna da sauyin na tsawon lokaci, in ga da idona ko abin da ake ta shari'a a kansa yana da tasiri a rayuwar mutum irina.

Na fara da wayata ta Android. A burauzar Chrome abin bai ɗauki minti guda ba: a taɓa ɗigo ukun nan da ke sama a gefen dama, a shiga saiti, a buɗe wurin injin bincike, a zaɓi wani daga cikin jerin. A wata iPhone ta hannu da nake da ita a shago ma haka, ana shiga saitin Safari, a tarar da Google da Yahoo da Bing da DuckDuckGo da Ecosia a jere. Wannan sauƙin shi ne babbar hujjar da lauyoyin Google suka riƙe a kotu, cewa babu wanda aka ɗaure wa hannu, duk mai son sauyi zai iya yi da 'yan taɓe-taɓe kaɗan. A ranar farko na ga kamar suna da gaskiya.

Kafin mako ya zagayo na gane cewa ƙofa ɗaya kawai na sauya, alhali gidan yana da ƙofofi da yawa. Akwatin da ke fuskar wayar bai san da sauyin da na yi a burauza ba, domin shi manhaja ce mai zaman kanta, kuma yatsana can yake nufa tun kafin in yi tunani. Idan na yi magana da wayar da baki, nan ma wata hanya ce daban. Akwai kuma burauza ta biyu da wayar ta zo da ita daga masana'anta, wadda ke da nata saitin. Sai da na cire akwatin daga fuskar wayar, na sauke manhajar sabon injin, na ajiye nata akwatin daidai inda tsohon yake, sannan gwajin ya fara zama na gaske. Ni da sana'ata ke nan sai da na yi kwanaki kafin in gano duk hanyoyin, to ina ga dattijuwar da jikanta ne yake nemo mata lambar waya? A nan na fahimci abin da kotun take nufi da ta ba wa ƙarfin sabo muhimmanci, har ta kawo cewa a 2020 kusan kashi 95 cikin 100 na binciken da aka yi ta wayoyi a Amurka ta Google ya bi.

Na gwada uku daga cikin injinan da ke jerin, kowanne na ba shi makonni. A binciken yau da kullum da Turanci, kamar neman bayanin wata sabuwar waya ko sakamakon wasan ƙwallo ko yadda ake gyara wata matsala ta manhaja, ban ga bambancin da zai hana ni aiki ba, wani lokaci ma shafin ya fi sauƙin karantawa saboda ƙarancin talla. Inda aka fara rabuwa shi ne lokacin da na rubuta tambaya da Hausa, musamman idan na bar haruffa masu lanƙwasa kamar yadda yawancinmu muke yi a waya, ko na nemi wani shago ko unguwa a cikin Kano. A nan sakamakon yakan yi rauni, wani lokaci a kawo mini abin da ba shi da alaƙa da ƙasarmu ko kaɗan. Da na bi diddigi sai na tarar dalilin yana cikin shari'ar kanta. Injin bincike yana koyo ne daga tambayoyin mutane da abin da suka taɓa bayan amsa ta fito, don haka wanda ya riƙe ƙofa shi ne yake samun tambayoyi, wanda ya samu tambayoyi shi ne yake ƙara gwanancewa, wanda ya gwanance kuma shi ne yake samun kuɗin da zai sake sayen ƙofar. Shugaban Microsoft, kamfanin da ya mallaki Bing, Satya Nadella, ya yi wannan ƙorafi da kansa a gaban kotun a Oktoba na 2023. Idan haka abin yake da Turanci mai ɗimbin masu tambaya, to harshe irin namu, wanda rubutunsa a intanet bai kai yawan masu magana da shi ba, ya fi kowa jin nauyinsa, domin 'yan tambayoyinmu duk wuri ɗaya suke taruwa.

Na kuma gano cewa jerin sunayen ya fi ainihin zaɓin tsawo. Tara shafukan duniya da jera su a rumbu aiki ne mai cin kuɗi ƙwarai, shi ya sa Yahoo da DuckDuckGo suka dogara sosai da rumbun Bing na Microsoft wajen kawo amsa, ko da yake kowannensu yana da nasa tsarin, DuckDuckGo misali ya gina sunansa a kan alkawarin rashin bin sawun mai bincike.

Kuskuren da na yi, wanda har yanzu nake jin nauyinsa, ya zo ne lokacin da ɗokin abin ya ɗebe ni. Wani dattijo da ya daɗe yana sayayya a wurina ya sayi sabuwar waya, sai na saita masa ita irin yadda na saita tawa, ban gaya masa ba, ina ganin alheri na yi masa. Bayan kwana biyu ya dawo ransa a ɓace, ya ajiye wayar a kan teburi ya ce, "Yaro, ko dai jabu ka ba ni? Matambayi-ba-ya-ɓatan da na sani ba shi ne a cikin wayar nan ba." Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji, wayarka ta ainihi ce, ni ne na sauya maka wurin binciken." Ya dube ni ya ce, "Ka tambaye ni?" Ban samu amsar da zan ba shi ba. Na mayar masa da komai yadda yake, na ba shi haƙuri, bayan ya tafi kuma na zauna ina tunanin cewa abin da nake ganin laifinsa a wurin manyan kamfanoni shi ne na aikata da hannuna, na zaɓa wa mutum ba da saninsa ba.

Daga ranar na sauya tsari, na kuma umarci yaron shagona da ya bi shi. Kafin mu miƙa waya, muna nuna wa mai ita inda saitin yake, mu faɗa masa a taƙaice cewa akwai wasu injinan, mu tambaye shi wanda yake so. Daga baya na karanta cewa wannan tambayar da nake yi da baki ita ce hukumomi suka tilasta a wasu ƙasashe. A Yuli na 2018 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Google yuro biliyan 4.34 a kan yadda yake ɗaure manhajojinsa da tsarin Android, kuma daga 2020 sababbin wayoyin Android a Turai suka fara nuna allon zaɓi yayin kunnawa, wanda da farko sai kamfani ya shiga gwanjo kafin sunansa ya fito, har aka soke biyan kuɗin a 2021. A Rasha an cimma sulhu makamancin haka tun 2017 bayan ƙorafin kamfanin Yandex mai injin bincike na ƙasar, a Indiya kuma hukumar kula da gasa ta ci tarar Google a Oktoba na 2022.

Dole in faɗi gaskiyar abin da na gani: mafi yawan waɗanda muka tambaya sun ce a bar musu Google, wasu ma kafin mu gama bayani. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin alƙali Mehta da kansa ya amince a hukuncinsa cewa Google ne ya fi sauran inganci, kuma tarihin fafatawar ya nuna haka. Mozilla ta mayar da Yahoo injin farko na burauzar Firefox a Amurka a 2014, ta koma Google a 2017. A Afrilu na 2023 an ruwaito cewa Samsung na duba yiwuwar komawa Bing, ba a daɗe ba aka ruwaito ya dakatar da maganar. Eddy Cue, babban jami'in Apple, ya shaida cewa babu farashin da Microsoft zai bayar da zai sa su sauya. Amma Rasha ta koya mini wani abu, domin a can Yandex ya ƙara samun kaso a wayoyin Android bayan an fara tambayar mutane, kasancewar injin ne da aka gina a kan harshensu da garuruwansu. Tambaya tana aiki ne idan akwai abin zaɓa wanda ya san mai zaɓen, mu kuwa Hausawa ba mu da irin wannan tukuna, kuma ina ganin wannan giɓi ya fi cancantar hankalin matasanmu masu karatun kwamfuta fiye da jayayya a kan wane kamfanin Amurka ya fi wani.

Waɗanda suka zaɓi sauyi kaɗan ne, yawancinsu ɗalibai da ma'aikata waɗanda suka damu da yadda talla ke bin su daga shafi zuwa shafi. Ni kaina daga ƙarshe raba aikin na yi, burauzata tana kan wani injin, idan kuma zan nemi wuri a gari ko in yi tambaya da Hausa sai in koma inda na saba.

Lokacin da hukuncin gyara, wato matakan da kotun ta ɗauka a kan Google, ya fito ranar 2 ga Satumba, 2025, na karanta shi da idon wanda ya taɓa abin da hannunsa. Alƙalin bai tilasta wa Google sayar da Chrome ba, bai kuma hana shi biyan kuɗi ba, sai dai ya haramta yarjejeniyar da ke toshe wa wasu hanya, ya kuma umarce shi da ya ba abokan hamayya wasu bayanan bincike. A ganina wannan na ƙarshen ne ya fi kusa da inda ciwon yake, ko da yake barin biyan kuɗi yana nufin mai babban aljihu zai ci gaba da riƙe bakin ƙofa. Alƙalin ya yi la'akari da shigowar manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, kuma a Mayu na 2025 Eddy Cue ya shaida cewa binciken da ake yi ta Safari ya ragu a watan Afrilu a karon farko cikin shekaru 22. Wannan ma na fara ganin alamarsa a kan teburina. Kwanan baya wata ɗaliba ta sayi waya, yarona ya fara yi mata bayanin injinan bincike kamar yadda na koya masa, sai ta dakatar da shi ta juyo wurina ta ce, "Yaya, duk wanda yake ciki a bar shi, amma a cire akwatin nan daga fuskar wayar, a sa mini ChatGPT a wurin." Na karɓi wayar, na nuna mata yadda ake danne akwatin a cire shi, sannan na miƙa mata ta ajiye abin da take so da kanta.