Ƙugiya ɗaya ta rushe mini aikin mako uku

"Yaya, takalmi da ƙa mai ƙugiya ake rubuta shi yanzu?"

Saƙon ƙanwata ke nan, minti ashirin bayan na tura wa mutum talatin da ɗoriya wasan gidajen kalmomi na farko da na haɗa da hannuna, wato allon nan mai fararen gidaje da baƙaƙe, inda ake amsa tambayoyi ta hanyar cike fararen da haruffa, a kwance da a tsaye. Na ɗauka tsokana ce irin tata. Na buɗe allon, na bi layin tsakiya da yatsa, sai gabana ya faɗi. ƘAFAR KUJERA na kwance a tsakiya, TAKALMI ya sauko a tsaye ya ratsa ta a harafin farko. Gida ɗaya, ana so ya zama Ƙ ta nan, ya zama K ta can. Mako uku ina kallon wannan gida kullum dare, ban gani ba.

Jigon wasan shi ne abin da nake taƙama da shi, har yanzu ma ina yi. Sassan jiki da muka ara wa abubuwan da ba su da jiki: BAKIN KOGI, WUYAN RIGA, IDON RUWA, KAN DUTSE, sai ƘAFAR KUJERA. Wanda ya taɓa gwadawa ya san samun jigo ba wuya, samun tsayi ne wuya. Allon gida 15 ne a kwance, 15 a tsaye, kuma ƙa'ida ita ce idan ka juya shi ƙasa ta koma sama, baƙaƙen gidaje su faɗa daidai inda suke. Saboda haka kowace amsar jigo sai da abokiyar zama mai tsayinta. BAKIN KOGI harafi 9, WUYAN RIGA 9. IDON RUWA 8, KAN DUTSE 8. Wadda ba ta da abokiya dole ta zauna a layin tsakiya, kuma dole adadin haruffanta ya zama mara, don baƙaƙen gidajen hagu da dama su yi daidai. ƘAFAR KUJERA 11 ce cif. Ranar da na ƙirga na ga haka har tsalle na yi. HANNUN RIGA na so ƙwarai, amma 10 ce, ba ta da abokiya, ga kuma riga ta riga ta fito sau ɗaya, na haƙura.

Wannan ƙa'ida ta juyi ba daga farko take ba. Wasan da ake ɗauka shi ne na farko a irinsa, wanda Arthur Wynne ya buga a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba 1913, siffar lu'ulu'u gare shi, tsakiyarsa wayam, babu baƙin gida ko ɗaya. Sai daga baya tsarin ya zauna, musamman a hannun Margaret Farrar, wadda ta fara kula da wasan New York Times a 1942. Na bi tsarin Amurka ido rufe: babu kalma mai harafi biyu, kuma kowane farin gida sai kalma biyu sun ratsa shi, ta kwance da ta tsaye.

Nan na fara cin karo da Hausa kanta. Kalmominmu kusan duk da wasali suke ƙarewa. To layin ƙarshe na ƙasa, haruffansa ai wutsiyoyin kalmomin tsaye ne. Sai ka ga kana neman kalma mai kama da A-I-A-U-A. Haka gefen dama. Kwana huɗu na yi ina farautar masu ƙarewa da baƙi: mutum, kullum, takwas, biyar, hamsin, Alhamis, Asabar, da irin su tsaf, fes, ƙirin. Na kai matsayin da mutum yana mini magana ni kuwa ƙarshen kalmominsa nake saurare. Da na ga allon zai koma jadawalin lissafi da ranakun mako, na sassauta, na bar wasu gidaje babu mai ratsa su, kamar yadda ake yi a Ingila. Ban yi da-na-sanin wannan ba. An ɗinka ƙa'idar Amurka ne a jikin Turanci, inda kalma ke ƙarewa da baƙi yadda ta ga dama.

Amma duk wannan wahala ce da na gani da idona na yi maganinta. Ƙugiya ce ta shammace ni, kuma ni na buɗe mata ƙofa. Manhajar da nake amfani da ita haruffan Turanci 26 kawai ta sani. Na danna Ƙ ta yi kunnen uwar shegu. Sai na ce ba komai, bari in rubuta K a madadin Ƙ, D a madadin Ɗ, B a madadin Ɓ, in na gama sai in bi in gyara. Jerin kalmomin da na zuba mata ma daga rubuce-rubucen intanet na tsinto, inda rabin mutane ba sa sa ƙugiya. Manhaja ta yi abin da aka ce ta yi. Ta ga K, ta kawo kalma mai K. Ni kuma da na zo gyaran, amsoshin kwance na bi daban, na tsaye daban, kowace kalma daidai take a jerinta. Ban taɓa mayar da su cikin allon na duba mahaɗarsu ba.

Da na zauna a daren na bi gida-gida, shida na samu. ƊAKI ya haɗa harafin farko da DOKI. ƁERA ya ari B ɗin TABARMA. Ka ga dai irin abin. Biyar a gefe suke, ana iya lallaɓa su. Na shidan, wato takalmin nan, a ƙirjin allon yake, kuma duk kusurwar hagu ta ƙasa a kansa ta rataya. Na zare shi, kalmomi goma sha ɗaya suka biyo shi.

Wani abokina ya ce in bar shi haka, ai Faransawa ma ba sa kula da alamomin kan wasulansu a irin wannan wasa, E da É gida ɗaya suke kwana. Gaskiya ne haka suke yi. Amma Ƙ ba K ba ce da aka yi wa ado, harafi ne mai zaman kansa. Kafa rami ce, ƙafa kuwa da ita ake tafiya. Wanda ya zauna cike wasa ya ba ka amana ne cewa in ya san kalma ɗaya za ta haska masa wata. Wanda ya rubuta Ƙ daidai, sannan ya ƙi yarda da TAKALMI saboda ya san rubutu, shi na hukunta. Wanda bai damu ba ya wuce abinsa. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Maganin kuma, abin haushi, bai kai minti goma ba. Abacadar boko ba ta amfani da P, Q, V da X. Haruffa huɗu ke nan zaune ba aiki, masu ƙugiya ma huɗu ne. Na ba Ƙ harafin Q, Ɗ ta ɗauki X, Ɓ ta ɗauki V, Ƴ ta ɗauki P. QAFAR KUJERA ba kyan gani, amma daga ranar manhaja ba ta sake kawo mini K a gidan Ƙ ba. Sai an gama komai ake mayar da su. Gyaran jerin kalmomin ne ya ci lokaci, don sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙamus a gefe. In za ka fara, da wannan za ka fara, tun kafin ka zana baƙin gida ko ɗaya. Kuma a ranar ka yanke hukunci kan SH da TS, gida ɗaya ko biyu. Mutanen Holan sukan cusa IJ ɗinsu a gida ɗaya. Ni biyu na ba su, shi ya sa KAN DUTSE ta kai 8, kuma na rubuta haka a saman takarda don kada a yi ta gardama. Masu alhamza irin su sa'a da jama'a na kore su gaba ɗaya, ba ni da ƙarfin wannan rigimar tukuna.

Rubuta tambayoyin ne ya wanke mini zuciya. Abin da ya cuce ni a allo, wato rubutunmu ba ya nuna komai, shi ya yi mini rana a nan, domin ba ma rubuta karin sauti ko tsayin wasali. Wadda na fi so ita ce ta KUKA: "Tana da inuwa, yana da hawaye." Jinsi kaɗai ya isa ya gaya wa mai lura cewa kalma biyu ce a riga ɗaya. Na koyi cewa jinsi da adadi ba abin wasa ba ne: in amsa jam'i ce tambaya ta zama jam'i, in ka ce "tana" to amsa mace ce. Amsoshin jigo kuma na sauƙaƙa tambayoyinsu da gangan. IDON RUWA na ce "Inda ƙorama ke farawa", shi ke nan. Daɗin jigo shi ne mutum ya gano shi da kansa a amsa ta uku, ba ka tare shi a ƙofa da wayo ba.

Tambayar TAKALMI ta asali, in ka ji, "Gidan ƙafa" ce. Wato na rubuta ƙafa da ƙugiyarta a tambayar, na kuma tona amsar tsakiya, duk a kan gidan da na ɓata. Na sake tura gyararren bayan kwana tara, da ban-haƙuri a samansa. Ƙanwata ta cike shi a minti goma sha huɗu, ta turo hoton, ta zagaye gidan nan na tsakiya da jan biro duk da yanzu daidai yake.