Yadda na samu gwamnatin Ontariyo ta fara biya min maganin ciwon jijiya

Ni dai wallahi da na zo Kanada na ɗauka tunda an ba ni katin OHIP, wato katin lafiya na gwamnatin lardin Ontariyo, shikenan komai na asibiti kyauta ne har da magani. Ganin likita kyauta ne, gwajin jini kyauta ne, amma ranar da na kai takardar magani famasi aka buga min kuɗi sai da na sake kallon katin nan na ce wa yarinyar ai ga katina, ta yi murmushi ta ce wannan ba ya biyan maganin da za ka tafi da shi gida. A nan Ontariyo in ba ka kai shekara 65 ba, kuma ka wuce 24, ba ka karɓar tallafin gwamnati, wurin aikinka ma babu inshora, to aljihunka ne. Ni kuwa duk na faɗa ciki, tuƙi nake yi da aikin sito na kwantiragi.

Ciwon suga ne ya taɓa min jijiyoyin ƙafa. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba, da rana da sauƙi amma dare na yi tafin ƙafata zai ɗau zafi kamar an shafa min barkono, ga suka kamar allura, bargo ma in ya taɓa yatsuna sai na zabura, har na koma kwana da ƙafa a waje cikin sanyin Janairu. Paracetamol ba abin da yake yi masa. Likita ta fara ɗora ni kan amitriptyline, shi yana da arha sosai amma bakina ya bushe ƙayau kuma da safe kamar an ɗaure ni a gado, mai tuƙi kuwa ba zai iya da wannan ba. Muka koma gabapentin sau uku a rana, ina manta na rana. Daga ƙarshe pregabalin ne ya karɓe ni. To haɗa shi da magungunan suga da na hawan jini, ga na uwargida na asma, wata bai ƙarewa sai mun ajiye wajen dala 300.

Na fara dabarar banza, ina shan ƙwaya ɗaya maimakon biyu don ya kai ni. Mai famasin unguwarmu, wani dattijo, shi ya lura na makara zuwa karɓa, ya tambaye ni na faɗa masa gaskiya. Ya ce kar na ƙara, wannan maganin ba a yanke shi farat ɗaya sai a hankali da sanin likita, sannan ya ce ka taɓa jin Trillium? Ban taɓa ji ba, shekara biyu ina garin.

Trillium Drug Program shiri ne na gwamnatin lardi don wanda kuɗin maganinsa ya yi yawa in aka gwada da abin da yake samu. Ba kyauta ba ne, kar wani ya ruɗe ka. Ana duba abin da gidanku gaba ɗaya ya samu a shekara, a cire kamar kashi 4 cikin 100, wannan kai za ka fara biya, an raba shi gida huɗu, Agusta, Nuwamba, Fabrairu da Mayu, don shekararsu daga 1 ga Agusta take farawa ta ƙare 31 ga Yuli. In ka cike kasonka na wata ukun, sauran maganin da za ka karɓa har ƙarshen zangon bai wuce dala 2 kowanne ba. Mu abin da muka samu a shekarar wajen dala 32,000 ne, kason ya kama kusan 320 duk wata uku, wato da shigar wata na biyu muna cike shi, sauran zangon kusan hutu ne. Amma gaskiya in albashinka mai kauri ne kuma pregabalin kaɗai kake sha, da wuya ka kai kason ma, yi lissafinka tukun.

Inda na sha wuya fom ne, kuma laifina ne. Na cike na aika ni kaɗai na sa hannu, ashe ita ma madam sai ta sa, don ba da izini ne hukumar haraji ta CRA ta faɗa musu abin da kowa ya samu. Aka dawo min da shi. Sai kuma ga wata, ita ba ta taɓa cike takardar haraji ba tunda ba ta aiki, mu a tunaninmu wanda bai samu komai ba me zai cike? Sai da muka nemo hujjar cewa ba ta da kuɗin shiga, makonni suka tafi. Yanzu kowace shekara kafin ƙarshen Afrilu mu biyun muke cikewa ko da sifili ne, da shi suke sabunta mu ba sai mun sake neman komai ba.

Sai rasit. Kafin amsa ta zo kana ci gaba da saye da kuɗinka, daga baya ka aika rasit a lissafa maka. Ni ƴar doguwar takardar nan ta kashiya nake tarawa a cikin wata robar biskit, ashe ba ita ake so ba, ana son wadda ke ɗauke da sunanka da sunan maganin da lambar DIN, wato lambar shaidar maganin, wadda ake maƙalawa jikin leda ni kuma ina yagewa ina zubarwa. Allah Ya saka wa dattijon nan, ya sake bugo min duka. Kuma mai neman farko yana da damar zaɓar ranar da zai fara, a rage masa kason gwargwadon kwanakin da suka rage, to zaɓi ranar da ta riga babban sayen da ka yi, ni saura kaɗan na sa ranar da na aika fom.

Abu ɗaya da har yau yake ba mutane mamaki, ba duk abin da likita ya rubuta ake biya ba, akwai jerin magungunan da gwamnati ta amince da su. An rubuta min wani man shafawa na ƙafa, ba ya ciki, ko a kason ba a ƙirga shi ba. Wasu magungunan sai likita ya rubuta wata lamba a jikin takardar da ke nuna dalilin ba ka, wasu kuma sai ya nema maka izini na musamman ta EAP, wato shirin neman biyan maganin da ba ya cikin jerin, ya bayyana abin da ka gwada bai yi ba, shi ya sa duk maganin da ya ba ka matsala ka tabbata an rubuta a fayil ɗinka, kar ka daina sha shiru kawai. Kuma in ka nace sai Lyrica, wato pregabalin na kamfanin asali mai suna, alhali ga pregabalin na wani kamfani mai arha, bambancin kuɗin kai za ka cika. Ni mai arhan nake sha, ƙafata ba ta san bambanci ba.

Bara da aikin sito ya tsaya samunmu ya faɗi sama da kashi 10 cikin 100, na rubuta musu aka sake lissafin kason ya sauko. Robar biskit ɗin tana nan a saman firji, yanzu rasit na gaskiya ne a ciki.