Abin da Amalanken Mile 12 Ya Koya Mini Game da Motsi

Lokacin da na shiga ajin yamma a Agege domin shirin jarrabawar WAEC, ban ɗauka fiziks zai ƙara mini wani abu game da motsi ba, tunda aikina da rana shi ne kula da lodin kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12. A ganina abu ba ya tafiya sai ana tura shi, kuma da an sake shi zai tsaya. Malaminmu ya ce haka masana suka ɗauka tun zamanin Aristotal, har Galileyo ya ƙalubalanci wannan fahimta, sannan Niyuton ya shimfiɗa dokokinsa uku na motsi a shekarar 1687.

Dokar farko ce ta fi ba ni wahala, domin ta ce abin da yake tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudunsa, matuƙar wani ƙarfi bai shiga tsakani ba. Na yi gardama na kawo misalin amalanke, sai malam ya nuna mini cewa gogayyar taya da ƙasa ce take tsayar da shi. Ashe aikin ƙarfi shi ne sauya motsi. Washegari a cikin danfo, wato motar haya ta Legas, direba ya taka birki ba zato, dukanmu muka tafi gaba alhali babu wanda ya tura mu. Motar ce ta tsaya, jikinmu kuwa bai tsaya ba.

Doka ta biyu kam, wadda ta ce gwargwadon nauyin abu gwargwadon ƙarfin da ake buƙata domin sauya motsinsa, ’yan dako sun san ta a kafaɗunsu, ko da ba su taɓa riƙe alli ba. Amalanken da aka cika yana da wuyar tayarwa, yana kuma da wuyar tsayarwa, shi ya sa mai turawa yake ihun a ba shi hanya tun daga nesa, abin da a da nake ɗauka rashin kunya ne. Lissafin da ya fi tsorata ni shi ne na birki: idan gudun mota ya ninka sau biyu, tazarar da take buƙata kafin ta tsaya tana ninkawa sau huɗu. Tun daga ranar, duk sanda nake kan gadar Third Mainland na ga direba ya manne wa motar da ke gabansa, sai na ce masa, “Malam direba, don Allah a ɗan ja baya.”