Yadda muka haɗa abin koyon soka allura a ƙarƙashin sikanin da kanmu

Duk wanda ya taɓa riƙe kan na'urar sikanin (ultrasound, irin ta duban ɗan tayi) a hannu ɗaya allura a ɗaya hannun ya san cewa ganin jijiyar jini a sikirin daban, shigar da allura cikinta daban. Kuma gaskiya bana son ɗalibi ya fara koyon wannan a wuyan mara lafiya ko a hannun yaro yana ta kuka. Robobin koyon da kamfanoni ke yi irin su Blue Phantom suna da kyau sosai amma tsada, kuma in aka yi ta sokarsu sawun allura yana zama a jiki, shi ya sa na koma haɗa nawa.

Abin da nake amfani da shi garin jelatin ne mara ɗanɗano, wannan da ke daskarar da ruwa ya zama kamar jeli, giram 20 zuwa 30 a ruwan zafi mil 250, in juya har ya narke tas sannan in zuba babban cokali ɗaya na garin silliyom, wannan da ake sha in bayan gida ya yi tauri. Shi ne ke ba hoton ɗan toka-toka kamar tsokar mutum, in babu shi sikirin baƙi ƙirin zai nuna maka. Jijiya kuma dogon balan-balan ne siriri ko robar Penrose, wannan bututu mai laushi da ake sa wa bayan tiyata don ruwa ya fita, a cika da ruwa mai ja a ƙulle bakin. Sai na zuba rabin haɗin a roba, in sa a firiji ya daskare, in kwantar da balan-balan ɗin a kai, sannan in zuba sauran bayan ya ɗan huce, don in ka sa shi tun farko tasowa zai yi sama.

Babban abokin gaba iska ce. Kumfa ɗaya in ta maƙale a cikin balan-balan sai ta yi fari fat ta jefa inuwa a ƙasanta, duk abin da ke bayanta ya ɓace. Don haka a hankali nake juyawa, in kwashe kumfar sama da cokali, balan-balan ɗin kuma da sirinji nake cika shi ina matse iskar kafin in ƙulle. Sannan dole ka zuba kala mai duhu a haɗin, in ba haka ba wallahi ɗalibai robar za su riƙa kallo ba sikirin ba, tunda ana hango allurar ta ciki.

Jelatin baya son zafi, in ya daɗe a kan tebur sai ya fara laushi ya tsage a ƙarƙashin kan na'urar. Garin aga, wanda ake samu daga ciyawar teku kuma shi ma yake daskarar da ruwa, ya fi shi juriya don sai zafi ya kai wajen digiri 85 yake narkewa, amma ya fi saurin darewa. Daɗin jelatin shi ne in sawun allura ya yi yawa ka narkar ka sake zubawa.

To amma ga inda nake so a kula. Jelatin yana yaudarar mai koyo, allura tana fitowa tar a cikinsa ko da ka karkata ta sosai, a jikin mutum kuwa da ka miƙar da ita ƙasa sai ta dushe. Na ga ɗalibi yana murna ya ga ɗigon fari a tsakiyar jijiya, na ce ja fistin sirinjin mu gani, ba ruwan ja ko ɗigo, da muka zame kan na'urar gaba sai ga tsinin can ƙasa ya riga ya fasa bangon baya, jikin allurar yake kallo tun ɗazu. Tun daga nan dokar ɗaya ce, in ba ka ga tsini ba hannunka ya tsaya, ka matsar da na'urar gaba kaɗan har ɗigon ya ɓace, sannan ka tura allura ta sake bayyana, haka haka har ka shiga.

Wanda hannunsa ya faɗa a jelatin sai in mayar da shi kan ƙirjin kaza da aka zura balan-balan a tsakaninsa aka naɗe da leda. Nan akwai zaren tsoka, allura tana ɓuya, kuma kana jin lokacin da ta ratsa. Sai dai kwana ɗaya yake yi, kuma dole a sa wa kan na'urar riga sannan a goge ta sosai kafin ta koma wajen marasa lafiya.