Ranar da totur ya maƙale mini

Ɗan ƙanwata ne ya ɗauke ni a motarsa kwanakin baya. Muna cikin tafiya ya wuce wata babbar mota, ya ɗaga ƙafa, amma inji bai sauka ba, sai kuka yake kamar har yanzu ana ba shi wuta. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa. Sai na ga ya zura bakin takalminsa ƙarƙashin totur ya ɗago shi, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan riƙe da waya, ko a jikinsa.

Na ce, "Kai, tun yaushe take yin haka?"

Ya ce, "Kawu, kada ka damu, na san halinta. Da na taɓo shi yake dawowa."

Na sa ya tsaya a gefen hanya. Da na leƙa sai na tarar da tabarmar roba mai kauri an ɗora ta a kan ta asali, babu abin da ya riƙe ta, ta zame har bakinta ya kai gindin totur. Na fizge ta na jefa baya, na yi masa faɗan da ya fi ƙarfin laifinsa. Ya yi shiru yana mamakin abin da ya harzuƙa ni haka. Bai san cewa maganar da ya faɗa, ita na riƙa faɗa da bakina ba, kafin a haife shi.

Motata ta farko tsohuwa ce, mai canja giya da kanta, irin wadda wayar ƙarfe ce take haɗa totur da inji. Ba rana ɗaya ta juya mini baya ba. Ta daɗe tana gaya mini. Da safe in na tayar da ita silo, wato juyin inji in mota na tsaye, yakan hau ya ƙi sauka. In na taka totur sai in ji kamar akwai yashi a cikinsa, in na saki kuma ya dawo a hankali, wani lokacin sai na taimaka masa da yatsan ƙafa. Na kai wa makanike, ya duba ya ce wayar totur ta fara warwarewa a cikin bututunta, a canja. Na ce ya ɗiga mata mai tukuna, in wata ya yi zan dawo. Ya ɗiga, ta yi laushi, ni kuma ban koma ba.

Ina iya kare kaina, kuma na daɗe ina yi. A lokacin albashina bai kai ƙarshen wata, ga iyali, ga ƙanne a wuyana. Makaniken ma bai matsa mini ba. Da ya ce mini, "Malam, wannan wayar za ta kashe mutum," da wataƙila na ci bashi na saya. Cewa kawai ya yi a canja, kamar yadda yake cewa a canja komai. Sannan duk abokaina haka suke lallaɓa motocinsu, wannan birkinsa sai ya taka sau biyu, wancan ƙofarsa da igiya. Ban ga wanda ya mutu ba. Amma in zan faɗi gaskiya, a cikin watannin nan na sayi rediyon mota sabuwa. Kuɗin waya bai gagare ni ba. Abin da ya hana ni shi ne na fara jin daɗin cewa ni kaɗai na iya da motar. In wani ya karɓa ya ce totur ɗinta na da matsala, sai in yi murmushi in ce sai wanda ya san ta. Sabo turken wawa.

Ranar da abin ya faru ƙanena na zaune a gaba. Na fito zan wuce wata tirela, na taka totur har ƙasa, na wuce, na ɗaga ƙafa. Mota ta ci gaba da gudu. Na zura yatsa kamar kullum, totur ya ɗago, amma inji bai sauka ba, domin wannan karon silin wayar ne suka cushe a can cikin bututu, inda ƙafa ba ta kaiwa. Dabarar da na dogara da ita ta ƙare a nan, kuma ba ni da wata.

Na hau birki ina takawa ina saki, ina takawa ina saki, yadda aka koya mana a tsofaffin motoci. Bayan 'yan takawa sai birkin ya sandare kamar dutse. Na ɗauka ya tsinke. Bai tsinke ba, ni na ƙarar da ƙarfinsa. Daga baya na fahimci cewa abin da yake sa birki ya yi laushi a ƙafa, zuƙar iska ce da yake samu daga inji, kuma in totur na buɗe gaba ɗaya injin fetur ba ya ba da wannan zuƙar. Ɗan abin da ke ajiye a tukunyar birki kuwa, kowace takawa da saki tana cinye shi. Da na taka sau ɗaya da dukan ƙarfina na riƙe, da birkin ya rinjayi injin.

Giya tana nan kusa da hannuna. Tura ta zuwa firi, wato N, bai fi ƙiftawar ido ba. Tunanin ya zo mini, na kuma kore shi, saboda tsoron kada inji ya ƙure ya fashe. Wannan shi ne abin da har yau nake kasa yafe wa kaina: ina ɗauke da ɗan'uwana, ina tunanin inji. Wani lokacin nakan ce ai ruɗewa ce, wanda ya ruɗe ba a yi masa hisabin tunaninsa. Wani lokacin kuma nakan ce ruɗewa ba ta ƙirƙiro komai, abin da ke zuciyar mutum take fito da shi. A ƙarshe na murɗa makulli na kashe motar, daidai muna shiga kwana. Sitiyari ya yi nauyi nan take, na zaci ya kulle, na daina kokawa da shi, alhali da na sa ƙarfi zai juya. Muka sauka daga titi muka daki kwalbati. Ni na fita da ƙujewa. Ƙanena ya karye a cinya, kuma har yau in ya yi doguwar tafiya yana ɗingishi. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, kullum cewa yake ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara. Amma wayar nan an nuna mini ita da ido.

Shekaru bayan haka, a watan Agustan 2009, aka yi hatsarin da ya sa duniya ta waiwayi wannan matsala. Kusa da San Diyego a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani jami'in 'yan sandan hanya yana tuƙa Lexus ES 350 da dillali ya ba shi aro, tare da matarsa da 'yarsa da surukinsa. An shimfiɗa wa motar tabarmar roba ta wata mota da ta fi ta girma, tabarmar ta danne totur. Gudun ya haura kilomita 160 a awa, surukin ya kira lambar gaggawa daga cikin motar, kuma dukansu huɗu suka rasu. Motar irin mai maɓalli ce, ba makulli, kuma kafin ta mutu tana cikin tafiya sai an danne maɓallin na daƙiƙa uku. Mutumin da tuƙi ne aikinsa ke nan, a motar da ba tasa ba. Da na ji labarin na ɗan samu sassauci, na ce in ƙwararre ya rasa yadda zai yi, wane ni. Sai kuma na tuna shi ba a taɓa yi masa gargaɗi ba, ni kuwa an yi mini.

A ƙarshen 2009 Toyota, mai ƙera Lexus, ta janye motoci kusan miliyan 4 a Amurka saboda tabarma, a Janairun 2010 ta ƙara miliyan 2.3 saboda totur mai maƙalewa. A 2011 hukumar kiyaye haɗurran motoci ta Amurka, NHTSA, tare da injiniyoyin hukumar binciken sararin samaniya, NASA, suka ce ba su gano laifin na'urar lantarki ba. A 2013 kuma masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Oklahoma ta Amurka suka ɗora wa kamfanin laifi a wata shari'a da ta shafi kwamfutar totur ɗin Camry. A 2014 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 1.2 saboda yaudarar jama'a game da matsalar. Na kawo wannan ne domin yaran yanzu sun ɗauka in mota sabuwa ce, tana da kwamfuta, to ta fi ƙarfin irin wannan. Wanda bai taɓa buɗe murfin injin motarsa ba shi ne zai gaya maka motocin zamani ba sa haka.

Akwai wani ɓangaren da ba wanda yake son ji. Da yawa daga cikin waɗanda suka rantse mota ce ta ƙwace musu, ƙafarsu ce take kan totur suna zaton birki ne. Mutum ya taka, mota ta zabura, ya firgita, ya ƙara dannawa da ƙarfi don ya tsaya, alhali wuta yake ƙarawa. Ba ƙarya yake yi ba in ya ce birki ya taka, haka ya ji a jikinsa. A shekarun 1980 an yi ta zargin motar Audi 5000 da ƙwacewa a Amurka har cinikinta ya rushe, amma binciken gwamnati na 1989 ya nuna kuskuren ƙafa ne babban dalili. Daga irin wannan ne aka yawaita tsarin da giya ba ta fita daga P, wato fakin, sai an taka birki. A 2003 wani dattijo mai shekara 86 ya kutsa da mota cikin kasuwa a Santa Monika ta Kalifoniya ya kashe mutum 10, a 2019 wani mai shekara 87 ya kashe uwa da 'yarta a unguwar Ikebukuro ta Tokyo. Kada saurayi ya ce wannan na tsofaffi ne. Sabon direba, da wanda ya karɓi motar da bai saba da ita ba, da mai juyawa baya yana ribas, da wanda idonsa ke kan waya yana fakin, duk ƙafarsu na iya ɓata.

Na zauna da niyyar rubuta shawarwari masu yawa, amma da na auna su sai na ga kaɗan ne suke da amfani a lokacin da mota take gudu da kai.

Ka taka birki sau ɗaya, da dukan ƙarfinka, ka riƙe. Kada ka saki, kada kuma ka riƙa shafa shi a hankali, domin zai yi zafi ya daina kamawa. Ka tura giya zuwa N, in mai kuloci ce ka taka kuloci. Inji zai yi ihu, ka bar shi ya yi. Motocin zamani suna da abin da ke hana inji wuce iyakarsa, in ma ya fashe inji ne. Ka gangara gefe, ka tsaya, sannan ka kashe.

Na ce ka danne birki kada ka ɗaga, amma kuma in ka danne iya ƙarfinka mota tana ƙara gudu, ka ɗaga ƙafar gaba ɗaya ka sake ajiye ta, domin mai yiwuwa ba a kan birki take ba. Na san maganganun biyu suna karo. Shi ya sa N ta fi komai: ko tabarma ce, ko wayar totur, ko kwamfuta, ko ƙafarka, da zarar an raba inji da taya magana ta ƙare.

Kada ka kashe mota tana tafiya, ni shaida ne. Sai dai in giya ta ƙi shiga N, to ka kashe, ka murɗa makulli mataki ɗaya kawai don kada sitiyari ya kulle, in maɓalli ne ka danne ka riƙe, sannan ka shirya wa nauyin sitiyari da na birki, ka sa ƙarfi, za su yi aiki. Duk wannan ba a koyonsa ranar tashin hankali. Ka nemi fili babu kowa, kana tafiya a hankali, ka gwada tura giya zuwa N har hannunka ya haddace, musamman a motocin da giyarsu maɓalli ce ko abin murɗawa. Na san yawancinku ba za ku yi ba. Kuna da lokacin ɗaukar bidiyon allon gudu kuna ƙure maleji don a gani a Facebook, amma littafin da ya zo da motar ko ledarsa ba ku cire ba.

Masu motar dizal, ku ku san da wani abu daban. In turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ya fara zubar da baƙin mai cikin hanyar iska, inji na iya kama shan mansa yana ƙara gudu da kansa, hayaƙi ya turnuƙe, kuma ko an zare makulli ba ya mutuwa. In mai kuloci ce, a tsaye, a sa babbar giya, a danne birki, a saki kuloci don inji ya shaƙe. In ba haka ba a fita a yi nisa da ita.

Tabarma ɗaya tak a gefen direba, wadda aka yi don motar, a maƙale da ƙugiyoyinta. Gorar ruwa da takalmin da aka cire kada su kwana a ƙarƙashin kujera. Totur kuma in ya yi nauyi, ko ya yi jinkirin dawowa, ko silo ya riƙa hawa da kansa, ko na'urar riƙe gudu ta ƙi saki da ka taɓa birki, ranar za a kai gareji. In ta taɓa ƙwace maka ko sau ɗaya ne, kada ka sake tayar da ita don ka ga ko ta daina, a jawo ta. A duba tabarma, da totur, da waya in tana da ita, da maƙogwaron iska da sifirin ɗinsa, a sa kwamfuta a karanta. Ka ji maganar makanike in ya ce a canja. In kuma ya ce bai ga komai ba, ko ya ɗauko gwangwanin mai zai ɗiga, ka ɗauke motarka ka kai wa wani.