Abin da riƙe asusun unguwa ya koya mini

A rukunin gidajen da nake zaune, kwashe shara, ruwan burtsatse, albashin masu gadi da yashe magudanar ruwa duk a wuyan ƙungiyar masu gidaje suke, kuma da kuɗin wata-wata da kowane gida ke bayarwa ake yin su. Ni ne ma'aji. Ba don na fi kowa iya lissafi aka ba ni ba, ranar zaɓe ne kowa ya sunkuyar da kai, ni kuma na makara wajen sunkuyarwa.

Ƙungiya irin tamu ba ta da ɗan sanda, ba ta da alƙali. Mun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni, wato CAMA, ta 2020, wannan ya ba mu damar buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, har ma mu shigar da ƙara idan ta kama. To amma wa zai kai maƙwabcinsa kotu a kan kuɗin shara, alhali sahu ɗaya suke bi da asuba? Abin da ke fito da kuɗi daga aljihun mutane shi ne yarda da kuma kunya, kuma yarda ce ke gaba.

Shi ya sa ba na wasa da takardar ƙarshen wata. Ina liƙa ta a ɗakin masu gadi da bangon masallaci: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga rasit na kowane. Har kuɗin ƙwan fitilar ƙofa da tsintsiya sai na rubuta. Mutane ba su cika tsayawa kan manyan kuɗi ba, ƙananan suke bi da yatsa, kuma wanda ya ga an rubuta tsintsiya yakan yarda cewa ba a ɓoye kuɗin siminti ba. Mutum biyu ke sa hannu kafin a cire ko kwabo. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023, duk da wahalarsa, ya yi mana rana a nan, don ya tilasta wa kowa biya ta banki. Sai dai alat yakan shigo da sunan ɗan mutum ko na shagonsa, ka rasa na wane gida ne, har sai da muka dage cewa kowa ya rubuta lambar gidansa.

Masu bashi kuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya manta, saƙo ɗaya ya ishe shi. Akwai wanda babu ce ta hana shi, wannan a asirce ake sasantawa da shi, ya riƙa bayar da abin da ya samu. Wanda ya fi ɗaukar lokaci shi ne mai hali da ya ƙi biya saboda yana da ƙorafi. Wasu a taro sukan ce a liƙa sunayensu a ƙofa, ko a hana motarsu shiga. Ban taɓa goyon bayan haka ba. Dattijon da ka tozarta a gaban 'ya'yansa ba zai biya ba, kuma ka yi asarar gaisuwarsa.

Akwai wani dattijo da ya daɗe bai biya ba. Na ɗauki limami muka je bayan la'asar. Na ce, "Baba, gaisuwa muka zo." Ya kalli littafin da ke hammatata ya ce, "Ma'aji, gaisuwarka ai da littafi take yawo." Bai ce komai a kan kuɗi ba, sai ya sa takalmi ya kai mu bayan katangarsa. Kwatar da ta biyo ta nan ta toshe da leda da yashi, ruwan damina ya ci gindin katangar har bulo ya fara fitowa. Ya ce ya faɗa a taro, aka rubuta, aka manta. Da aka yashe kwatar ya aiko da kuɗinsa gaba ɗaya, ba tare da an sake tuntuɓarsa ba.

Rigimar mai gida da ɗan haya mun raba ta da ƙa'ida ɗaya: abin da ake mora kullum, wato gadi da ruwa da shara, mazaunin gida ne ke biya; aikin da zai daɗe, kamar kwalbati ko katanga, na mai gida ne, ko yana Legas. A ganina duk ɗan hayar da ke biya ya cancanci a saurare shi a taro, ko da yake har yanzu akwai masu gidajen da ba su yarda da wannan ba.

Kasafinmu ya rikice tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Janaretan da ke tura ruwa zuwa tanki ya koma cinye abin da ba mu tsara ba, dole muka yi karo-karo muka sa wa rijiyar sola. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma masu gadinmu suna da rediyo, kuma kasuwa ɗaya muke zuwa da su. Neman ƙarin kuɗin wata-wata ya zo da sauƙi ne kawai don takardun watannin baya suna nan a bango.

Taransifoma ce har yau ba mu daidaita a kanta ba. Hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta sha nanata cewa gyara ta ko sauya ta haƙƙin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu amfani da wuta ba. Ni ina ɓangaren masu cewa a rubuta takarda, a karɓi shaidar an kai, a yi ta bibiya, kuma idan har za mu sa kuɗinmu, to sai da yarjejeniya a rubuce. Masu firiji cike da kaya kuma cewa suke a tara kuɗi a gyara kawai. Maganar tana cikin ajandar taro mai zuwa, tare da yashe magudanan ruwa kafin damina ta faɗi.